Dutsen da Ya Tsere wa Labhu

Wata huɗu bayan mutuwar Premji, tsoho Nanji ya hau benen gidan hayarsu a unguwar Varachha ta birnin Surat a ƙasar Indiya, yana tsayawa a kowane hawa yana dafa gwiwa. Ya tarar da Labhu, matar mamacin, zaune a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta shimfiɗa wani jan sari a cinya tana liƙa masa 'yan duwatsun ado na gilashi da gam. Da wannan aikin take ciyar da kanta da 'yarta Hetal tun da zazzaɓi ya ɗauke maigidan cikin kwana shida.

Nanji shi ya koya wa Premji gugar lu'ulu'u, kuma shekara goma sha huɗu suka yi suna zaune a gindin faifan guga ɗaya. Kowa a ma'aikata Kaka yake ce masa.

Labhu ta ce, "Kaka, da ka aiko ai da na zo da kaina. Wannan benen ba na tsofaffi ba ne."

"Wa ya ce miki na tsufa? Ba ni ruwa tukuna, sai mu yi wannan shari'ar."

Ta kawo ruwa, ta ɗora shayi. Ta gaya masa surukanta sun aiko sau biyu, wai ta tattara ta koma ƙauye ta taya su cirar auduga. Ga shi Hetal tana aji bakwai, malamanta suna yabon ƙwaƙwalwarta, a ƙauyen kuwa daga aji bakwai makaranta ta ƙare.

Nanji ya jawo gefen sarin, ya ɗaga ɗan gilashin dubawa da ke rataye a wuyansa ya kafa a ido, ya bi layin duwatsun tun daga wannan baki har wancan.

"Da me kike auna tazarar da ke tsakaninsu?"

"Da ido mana, Kaka. Wa ke da lokacin awo?"

Ya saki gilashin ya faɗo masa a ƙirji. "Mijinki sai da ya yi wata takwas kafin idonsa ya kai haka. Ranar Litinin ki zo ma'aikata."

Da farko ta ɗauka shara ko ɗibar ruwa yake nufi. Da ta gane maganarsa sai ta rufe baki da gefen mayafi. "Mace a gindin faifai? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka ga dama. Cikin masu faɗin, wa ya taɓa kawo miki mudun gero?"

Ma'aikatar dogon ɗaki ne a hawa na uku, faifai goma sha biyu a jere, kowanne maza huɗu sun kewaye shi a zaune a ƙasa. Da Labhu ta shigo bayan Nanji, hayaniya ta ɗauke, sai ƙugin injuna. Rasik manaja, wani ɗan siriri mai yawan duba agogo, ya ja tsohon gefe suka yi ta ƙus-ƙus. Daga baya ya dawo, ya kira ta da sunan girmamawa, ya ce mata, "Labhuben, saboda Kaka da marigayi na yarda. Wata uku zan gani."

Aka zaunar da ita a gurbin mijinta, Nanji a dama, a hagu kuma Bhupat, wani ƙato mai baƙin gashin baki wanda kumatunsa ba ya rabuwa da ƙullin taba.

Bhupat ya dube ta ya dubi faifan. "Bhabhi, matar yayana, kin ga wannan? Ba tanda ba ce fa. Kada ki ɗora mana gurasa."

Aka kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi zafi.

Nanji ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Shekararsa goma a nan, har yau abin da ya fi ƙwarewa a kai tofin taba ne."

Ya fara mata tun daga tushe. Faifan na ƙarfen zubi ne, yana juyawa da gudun da ido ba ya kamawa, amma ba ƙarfen ke cin dutsen ba. Babu abin da ke cin lu'ulu'u sai ɗan'uwansa, shi ya sa ake shafa wa faifan garin lu'ulu'u da aka kwaɓa da mai. Ana ɗaure dutsen a wani ɗan kofin ƙarfe a bakin mariƙi, a danna shi kan faifai, a ɗaga, a duba da gilashi, a sake dannawa. Fuska hamsin da bakwai ake fitar wa kowane dutse, ko da bai kai ƙwayar gero ba: shimfiɗaɗɗiya guda a sama, talatin da biyu kewaye da ita, ashirin da huɗu a gindi. Kowa da rabonsa. Rabon Labhu gindi ne, aikin da mijinta yake yi.

Mako biyu na farko kuka ne kawai ba ta yi ba. Sai ta danna dutse ta ɗaga ta ga ko gezau, ta ƙara ƙarfi, faifai ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya yi zane. Bhupat ya toshe kunne ya ce, "Kaka, ɗalibarka za ta yanka mana faifan ta bar dutsen."

Nanji ya karɓi mariƙin. "Ba ƙarfi ba ne. Kin taɓa shafa bayan akuya? Idan kika bi kwanciyar gashi hannu ya wuce sumul, idan kika saɓa ya turje. Kowane dutse da kwanciyarsa. Juya shi kaɗan. Ƙara. Yanzu rufe ido ki saurara."

Ta rufe ido. Ƙarar ta sauya, ta zama wani siririn huci mai laushi. Ta ɗaga, ta kai gilashi, sai ga 'yar fuska guda tas tana ƙyalli a jikin dutsen da ɗazu yake dusu-dusu kamar gutsuren alif. Ta daɗe tana kallonta har Nanji ya ce saura ashirin da uku.

Da tsakar rana sukan kashe faifai su buɗe kwanukan abinci, gurasar gero da gauta da albasa da tsala. Ita takan koma lungu ita kaɗai, har ranar da Nanji ya ɗauki kwanonsa ya je ya zauna kusa da ita, sannan Bhupat ya biyo, wai ƙamshin yajinta ne ya jawo shi. A wurin cin abincin nan tsohon yake ba da labarai. Ya ce a kogunan ƙasarsu aka fara tsintar lu'ulu'u tun duniya ba ta san shi ba, kuma mutanen wancan zamani ba sa son a rage masa jiki, goge masa fuska kawai suke yi. Turawa ne suka zo suka yi ta ƙara masa fuskoki har ya koyi mayar da haske. Daga baya ƙananan duwatsun da masu gugar birnin Antwerp na Turai suka raina, suka ce ba su isa a ɓata musu lokaci ba, su aka riƙa turowa Surat, manoman da fari ya koro daga ƙauyuka suka zauna suka koya.

"Ni da kaina farin ne ya koro ni," in ji shi. "A lokacin babu injin hasken nan da ke raba dutse yanzu. Sai ka yi kwana uku kana juya dutse kana neman jijiyarsa, ka yi masa ɗan tsagi da wani dutsen, ka kafa wuƙa, ka buga sau ɗaya. Ko ya rabu biyu tas, ko ya zama gari."

Bhupat ya ce, "Lokacin da aka tsinci na farko a kogi ma kana wurin ko, Kaka?"

"Ina wurin. Kakanka ne ya tsince shi, ya ɗauka gishiri ne ya jefa a miya."

Wata uku suka wuce Rasik bai ce komai ba, wata shida ma haka. Da shekara ta zagayo, masu duba aiki sun daina mayar wa Labhu da dutse gyara. Hannunta ya yi kanta, gefen idonta na dama ya yi shaidar gilashi, Hetal ta shiga aji takwas.

Wata ranar Alhamis da hantsi Rasik ya zo da kansa ya ajiye mata ƙunshin takarda guda. Ta buɗe ta ga dutse ɗaya tal, girman ƙwayar dawa, fari fat kamar ɗigon ruwa. Ba ta taɓa riƙe mai girmansa ba. An riga an zagaye masa ƙugu an fitar da fuskar sama.

Ya ce, "Mai ma'aikata ne ya ce a gwada ki. Ki bi a hankali."

Ta ɗaure shi, ta nemo kwanciyarsa, ta fitar da fuska biyar lafiya lau. A ta shida ta danna, sai ta ji mariƙin ya yi fizga a hannunta, ta ji tak, ta ji wani tin a can nesa. Ta ɗaga mariƙin. Kofin wayam.

Ta juya ta dubi Nanji. "Kaka, ya tashi."

Nanji ya ɗaga hannu ya yi kira a kashe wuta. Tashin dutse ba baƙon abu ba ne, kowa ya san abin yi. Aka kashe faifai da fanka, aka rufe tagogi, Rasik ya kulle ƙofa ya sa mabuɗi a aljihu. Kowa ya tsaya inda yake ya kakkaɓe riga da wando a kan farar takarda, ya taje kai, ya duba naɗin ƙafar wando da tsakanin yatsu. Aka share ɗakin da lallausan buroshi tun daga bango har bango, aka tankaɗe sharar a rariya. Aka haska tocila a ƙasa a kwance, don ko ƙanƙanin dutse yakan yi ƙyalli. Aka samu wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu da suka ɓace tun bara, amma na Labhu babu shi.

Aka sake sharewa. Lokacin abinci ya zo ya wuce ba wanda ya buɗe kwano. Ɗakin ya ɗauki zafi, mutum arba'in da takwas suna zufa, kuma kowace sa'a da faifai ya yi a tsaye asarar kowa ce. Tun ana kallon ƙasa, har aka fara kallon Labhu.

Wajen ƙarfe biyu Rasik ya zo ya tsaya a gabanta, idonsa a kan agogo. "Labhuben, kowa an duba shi sai ke. Na aika a kira Mani mai shara."

Ta ce to. Ta bi Mani cikin ɗan ofishin, aka ja labule. Ta kwance gashinta, ta warware sarinta, ta tsaya tana kallon bango yayin da tsohuwar ke laluben kalmasa da ɗinki tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ni ma aiko ni aka yi." Labhu ba ta yi kuka ba. Abin da ke yawo a ranta shi ne yadda labarin zai riga ta isa unguwa, daga can ya hau mota ya je ƙauyen surukanta, da yadda za a riƙa nuna Hetal a makaranta.

Mani ta fito ta girgiza kai. Maimakon ɗakin ya huce, sai wani daga faifai na can ƙarshe ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ai ba a tufa ake ɓoyewa ba. Haɗiyewa ake yi."

Bhupat ya miƙe tsaye, ya tofar da tabarsa a gwangwani. "Wane ne? Ya maimaita in ji. Shekara guda ina satar yajin matar nan kullum, ko gutsuren albasata ba ta taɓa ɗauka ba. Wanda ya san hanyar haɗiya shi ya saba."

Rasik ya share zufa ya ce ya isa haka. Ya ce zai buɗe ƙofa kowa ya tafi, ita kuma Labhu ta zauna a gida sai mai ma'aikata ya yanke magana. Kowa ya san ma'anar wannan zama a gida.

Duk wannan abin Nanji yana zaune bai motsa ba. Sai yanzu ya ce, "Rasik, ba ni rabin sa'a."

"Kaka, an share sau biyu."

"An share inda tsintsiya take zuwa. Rabin sa'a na ce. Na goge dutse a garin nan tun ba a yaye ka ba."

Ya kira Labhu ya ce ta zauna a gurbinta ta riƙe mariƙi yadda ta riƙe shi ɗazu. Ya tambaye ta a wane sashen faifai ta danna, kusa da baki ko kusa da cibiya. Ta nuna. Ya tambayi ƙara nawa ta ji.

"Biyu, Kaka."

"Ta biyun ta itace ce, ko ta bango, ko ta ƙarfe?"

Ta rufe ido. "Ta ƙarfe. Ƙarfe mai rami a ciki."

Ya sa aka ɗauko gwangwanin dawar da Rasik ke watsa wa tattabaru a bakin taga, ya ce kowa ya matsa jikin bango, aka kunna faifansu shi kaɗai. Ya ɗauki ƙwayar dawa guda ya sake ta daidai inda Labhu ta nuna. Faifan ya cilla ta kamar harsashi, ta daki bango. Ya saki wata, ya saki wata. Wasu suka fara murmushi, wai tsoho ya koma wasan yara. Ta bakwai ce ta daki ƙofar kabad ɗin ƙarfe da ke kusurwa, ta ce tin.

Labhu ta ce, "Ita ce ƙarar."

Nanji ya ci gaba da saki yana bin kowace da ido. Cikin waɗanda suka daki kabad ɗin, uku sun dawo baya sun shige ƙarƙashin teburin faifai na huɗu.

Mai wannan faifan ya ce, "Mun haska nan, Kaka. Ba komai sai giris."

"To ai shi nake nema. Lu'ulu'u ba ya shiri da ruwa, amma in ya ga maiƙo sai ya manne kamar kaska. A wuraren haƙa ma da maiƙo suke kama shi, tsakuwa ta wuce da ruwa shi ya tsaya." Ya yunƙura zai durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ya dubi Bhupat. "Kai, ƙaton banza, yau ga ranarka."

Bhupat ya tuɓe riga, ya karɓi cokalin shayi da kofi, ya kwanta rub da ciki ya cusa kai ƙarƙashin teburin, ƙafafunsa a waje. Can inda gindin sandar faifan ke juyawa baƙin giris ya taru shekara da shekaru. Ya yi ta kankarowa yana mita, wai in ya maƙale a gaya wa matarsa ya mutu a bakin aiki. Ya miƙo kofin cike. Nanji ya zuba kananzir ya dama da yatsa, ya tace a farin hankicinsa. Baƙin ruwa ya tsiyaye, ya bar ɗan tuƙuƙin datti da gashin buroshi. Ya murza da babban yatsa a hankali, sai ya tsaya.

Bai ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a ba. Ya goge shi a gefen hankicin, ya kamo hannun Labhu ya buɗe tafinta ya ajiye mata. "Ƙirga fuskokinki."

Ta kai gilashi ido. Biyar cikakku, ta shida rabi. Sai a lokacin hawaye suka zubo, har gilashin ya yi hazo. Ta sunkuya ta dafa ƙafafun tsohon da hannu biyu.

Ya janye ƙafa. "Tashi, tashi. Ƙafar da ta ƙi durƙusawa ba ta ci gaisuwa ba. Ga wanda ya yi aikin can, dubi yadda ya koma."

Bhupat ya fito, giris tun daga goshi har cibiya, rabin gashin bakinsa ya manne a kumatu. Dariyar da aka yi ta kai ta Labhu ma ta kuɓuce mata cikin kuka.

Rasik ya karɓi dutsen ya duba. Bugun kabad ya ɗan ɓantare masa ƙugu, abin da sai da gilashi ake gani. Ya ce gobe zai ba wani ya ƙarasa.

Nanji ya ce, "Wanda dutse ya tsere wa shi ke ƙarasa shi. In ka karɓe yau, hannunta ba zai sake yarda da babban dutse ba."

Rasik ya miƙa mata dutsen ba tare da ya haɗa ido da ita ba, ya ce, "Labhuben, abin da aka yi ɗazu, dokar wurin ce." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya ya leƙa taga ya ƙwala wa mai shayi kira ya kawo wa kowa, da soyayyen ganthiya, cincin ɗin garin wake, kuɗin a kansa.

Washegari Labhu ta gano cewa ɗaya daga cikin haƙoran kofin mariƙinta ne ya cinye, shi ya saki dutsen. Ta sauya kofi. Aka mayar da dutsen wurin mai zagaye ƙugu ya shafe ɓantarar, ya dawo mata ya ɗan rage kaɗan. Ta yi yini guda a kan abin da takan gama cikin sa'a, tana dannawa tana ɗagawa, tana tsayawa ta duba duk lokacin da ƙarar faifai ta sauya. Da Nanji da Bhupat suka gama fuskokin sama aka wanke shi, sai aka miƙo mata ta gani. Ta juya shi ƙarƙashin fitila, hasken ya shiga ta sama ya daki fuskokin gindin da ta fitar ya dawo mata cikin ido, fari da shuɗi da ɗan ja. Ta nannaɗe shi a takarda ta kai wa Rasik da kanta.

Ranar Lahadi ta dafa shira, wani tuwon alkama mai zaƙi da yawan man shanu, ta kai gidan Nanji, ɗan ɗaki guda da yake zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Ta ce, "Kaka, ban san da bakin da zan gode maka ba. Da ka yi shiru ranar nan, da yanzu ina ƙauye, sunana ɓarauniya."

Ya ci loma biyu kafin ya amsa. Ya ce shekararsa ta biyu a Surat, yana ɗan ashirin da ɗaya, dutse ya taɓa tashi a hannunsa a wata ma'aikata da yanzu ko gininta babu. Aka nema aka rasa. Aka kulle shi a ɗaki aka yi masa duka, aka ɗura masa maganin gudawa, sannan aka kore shi. Mutum talatin suna kallo, cikinsu har da 'yan ƙauyensu, ba wanda ya buɗe baki. Ya yi wata biyar yana dakon buhuna a tashar jirgi kafin wani ya sake yarda ya zaunar da shi a gindin faifai.

"Bayan shekara shida na haɗu da ɗaya daga cikinsu a wurin biki. Yana cin abinci yake gaya mini, ai dutsen nan naka an same shi bayan mako uku, a cikin tsagin katakon taga. Mako uku, 'yata. Sun san inda nake kwana, ba wanda ya tako ya faɗa mini." Ya ture kwanon kaɗan. "Tun ranar ban sake barin a buɗe ƙofa ba a ga dutse ba. Ba don ke kaɗai na yi ba. Ƙaro mini shirar nan, ta yi daɗi."

Ta ƙara masa, ta zauna har ya cinye.

Bayan shekara biyu, yanar ido ta rufe wa Nanji idon dama, wanda yake sa gilashi da shi. Ɗansa yana aiki a Mumbai bai samu zuwa ba, saboda haka Labhu ce ta ɗauki hutun kwana uku ta kai shi asibiti, ta zauna a benci har aka fito da shi da bandeji, ta riƙa ɗiga masa magani sau huɗu a yini. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko 'yarsa ce, tsohon ya riga ta amsawa ya ce e, ta fari.

Idon ya warke, amma likita ya ce aikin faifai ya ƙare. Nanji bai yi gardama ba, ya ce dama gonar gyaɗarsa ta gaji da jiran sa. A lokacin mata biyar ne a ma'aikatar, biyu daga ciki Labhu ce ta koya musu gindi, Hetal kuma tana shirin jarrabawar shiga kwaleji.

Ana saura kwana uku bikin Diwali, lokacin da ma'aikatu ke rufewa kowa ya nufi ƙauye, suka raka shi tashar mota, Bhupat ɗauke da akwatin ƙarfe a ka, Labhu da ƙullin guzuri. Tashar ta cika maƙil, ana ta turereniya. Bhupat ya kutsa ya kama masa kujerar taga, ya yi faɗa da mutum biyu a kanta, ya sauko yana haki.

Nanji ya leƙo ta taga. "Idan an cire gyaɗa ku zo, ku duka, har da yarinyar. Akwai wurin kwana."

Bhupat ya ce, "Ni fa ba na cirar gyaɗa, Kaka. Bayana ba ya son sunkuyo."

"Na sani. Ci za ka yi. 'Yata, ki riƙa duba haƙoran kofinsa ma, shi ba ya dubawa."

Labhu ta ce za ta duba. Ta miƙa masa kwalbar maganin ido ta taga, ta sake tuna masa sau huɗu ne a yini, ba sau biyu ba. Motar ta tashi, suka tsaya har ta sha kwana, sannan Bhupat ya ce yunwa yake ji, ya tambaye ta ko ta rage wani abu a guzurin.